Korkeus: Kalmar Tsayi a Harshen Finlan da Batun Inda Ake Fara Awo

Idan ma'aikaciyar jinya a wani asibitin yara na Helsinki, babban birnin Finlan, ta tsayar da yaro a jikin sandar awo, kalmar da za ta rubuta a katinsa ita ce pituus, ko da yake duk ƙamus ɗin da mutum ya buɗe zai gaya masa cewa kalmar tsayi a harshen Finlan ita ce korkeus. Hasumiya tana da korkeus, dutse yana da korkeus, haka ma tebur da katanga da igiyar ruwan teku, amma ɗan Adam ba shi da ita. Shi pituus yake da shi, wato kalmar da ake auna hanya da igiya da kogi da ita. Mutumin Finlan idan yana son sanin tsawon abokinsa sai ya ce "Kuinka pitkä olet?", kuma wannan pitkä ɗin ita ce sifar da yake yi wa hanya mai nisa ko dare mai daɗewa. Bahaushe ba zai ga abin mamaki a nan ba, domin mu ma da kalma ɗaya muke cewa dogon mutum da doguwar hanya da dogon labari. Inda muka rabu da su shi ne mu mun ci gaba da jan wannan kalma har muka ce dogon gini da doguwar hasumiya, su kuwa da suka iso kan gini sai suka ajiye pitkä suka ɗauko korkea, wadda daga gare ta ne korkeus ta fito.

Harshen Finlan, wanda masu shi suke kira suomi, mutum kusan miliyan 5 ne ke magana da shi, kuma ba dangin Ingilishi ko Jamusanci ko Rashanci ba ne. Ɗaya daga cikin 'yan'uwansa na kusa shi ne harshen Istoniya, inda kalmar tsayi take kõrgus, wadda ko baƙo zai ji kamarta da korkeus. Tsarin gina kalmar mai sauƙi ne. Ana ɗaukar sifa a liƙa mata ɗafa-ƙeya ta zama sunan wannan hali: korkea ta ba da korkeus, leveä mai nufin faffaɗa ta ba da leveys, syvä mai nufin zuzzurfa ta ba da syvyys, paksu mai nufin kakkaura ta ba da paksuus. Bambancin ƙarshen kalmomin, wani da u wani da y, ya samo asali ne daga ƙa'idar jituwar wasula, wadda ta hana wasulan a, o, u zama cikin kalma guda da ä, ö, y. Abin lura ga mai nazarin Hausa shi ne mu a irin waɗannan kalmomi hanyar da muke bi kishiyar tasu ce, domin a wurinmu sunan ne tushe, faɗi da zurfi da kauri, sannan mu ninka gaɓar farko mu samo faffaɗa da zuzzurfa da kakkaura. Bayan an gina kalmar kuma ba ta zama da siffa ɗaya, saboda sunan Finlanci yana sauya ƙarshensa har hanya 15 gwargwadon aikinsa a jumla. Shi ya sa mai karatu zai ci karo da korkeuden da korkeutta da korkeudessa da korkeudella da korkeuteen, duk kalma ɗaya ce ta sauya riga, kuma harafin s na ƙarshe yana komawa d ko t a yawancinsu, abin da kan ɓatar da mai koyo idan ya je neman kalmar a ƙamus.

Iyakar da ke tsakanin korkeus da pituus ba ta tsaya a kan mutum ba, kuma a gandun daji ne ta fi ban sha'awa. Finlan ƙasa ce da daji ya rufe kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasarta, katako da takarda kuma suna cikin manyan abubuwan da take sayarwa waje, don haka awon itace a can sana'a ce mai ƙa'ida. Mutumin gari zai iya kallon bishiya ya ce korkea ce, amma malamin daji idan ya zo rubuta awonta, puun pituus zai rubuta, wato tsawon itacen, kamar dai tun tana tsaye yana ganinta a kwance a bayan mota. Sai dai a takarda ɗayar nan za a ga korkeus ta fito a wani gurbi, domin kaurin itacen ana auna shi ne a rinnankorkeus, daidai ƙirjin mutum, wanda aka ƙayyade shi a mita 1.3 daga inda itacen ya tsiro. Ke nan jikin bishiyar daga gindi zuwa kai pituus ne, amma matsayin da aka ɗora ma'auni a jikinta korkeus ne. Dabba kuma wani hukuncin ta samu. Doki da kare ana auna musu säkäkorkeus, daga ƙasa zuwa tudun nan da ke tsakanin kafaɗu inda wuya ya haɗu da gadon baya, saboda kai yana sunkuyawa yana ɗagowa amma wannan wuri ba ya motsi. A rajistar dokin asalin ƙasar, wanda suke kira suomenhevonen, akwai rukunin ƙananan dawaki da ba a shigar da wanda ya haura santimita 148. Dusar ƙanƙara kuwa, ko da ta taru ta kai ƙugun mutum, ba a ba ta korkeus ba, zurfi ake ba ta, lumensyvyys, wataƙila don mai tafiya a cikinta nutsewa yake ji.

Idan aka tara waɗannan misalai za a ga cewa pituus awon jikin abu ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ko yana tsaye ko yana kwance, ita kuwa korkeus tazara ce da ake aunawa sama sak daga wani daɓe da aka yarda da shi. Ɗalibin lissafi ne ya fi kowa sanin haka. A makarantun Finlan yara suna haddace cewa girman filin alwatika shi ne kanta kertaa korkeus jaettuna kahdella, gindi sau tsayi a raba biyu, kuma layin da ake ja daga ƙololuwa ya sauko a miƙe kan gindin sunansa korkeusjana. Alwatika ɗaya tana da irin wannan layi har uku, domin kowane gefe daga cikin ukun ana iya mai da shi gindi, kuma da zarar an sauya gindin tsayin ya sauya. A ganina wannan ɗan darasi na aji shi ne mabuɗin kalmar baki ɗaya: duk fannin da ta shiga, tambayar da ke biye da ita ita ce daga ina aka fara ƙirgawa.

A fannin awon ƙasa amsar da kowa ya sani ita ce daga saman ruwan teku, korkeus merenpinnasta, kuma a taswira ana nuna ta da layukan nan masu lanƙwasa da ake kira korkeuskäyrä, waɗanda yaran Finlan da yawa suke koyon karantawa tun suna ƙanana saboda wasan neman hanya a daji da taswira da kamfas yana da farin jini a ƙasar. Finlan ba ƙasar manyan duwatsu ba ce. Wuri mafi bisa a cikinta yana kan dutsen Halti a can arewa maso yamma, mita 1,324, wanda bai fi matsayin garin Jos da wani abin kirki ba. Wurin ma ba ƙololuwa ba ne, gangare ne da iyakar ƙasa ta ratsa, domin kan tudun da ke kusa, mai mita 1,331, yana cikin Norwe da 'yan taku kaɗan. Da bikin cikar Finlan shekara 100 da samun 'yanci ya gabato a 2017, wasu mutanen Norwe sun yi ta kira da a matsar da iyakar a ba maƙwabciyar tasu kan tudun kyauta, amma a 2016 Firayim Minista Erna Solberg ta ce tsarin mulkin ƙasarta bai yarda a yanki wani ɓangare nata a bayar ba. Mita bakwai ne kacal ake magana a kai.

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce daɓen da ake awo daga kansa ba ya zaune wuri ɗaya. A zamanin ƙanƙara na ƙarshe, wani tulin ƙanƙara mai kaurin kilomita biyu zuwa uku ya danne arewacin Turai har ɓawon ƙasa ya lotsa, kuma tun da ƙanƙarar ta narke, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, ƙasar take ta ɗagowa a hankali kamar katifar da aka tashi daga kanta. Wannan shi suke kira maankohoaminen. A yankin Merenkurkku, ƙuƙumin tekun da ke tsakanin Finlan da Suwidin kusa da birnin Vaasa, ƙasa tana tashi da milimita 8 zuwa 9 a shekara, a kudu wajen Helsinki kuwa tashin bai kai rabin haka ba. Milimita tara abin raini ne a ido, amma a tsawon ran dattijo ɗan shekara 80 ya haura santimita 70, kuma a gaɓar da ba ta da zurfi hakan na nufin wurin da kaka ya ɗaure kwalekwale jika yana kiwo a kai. Masanan ƙarni na 18, cikinsu har da Anders Celsius, wanda ma'aunin zafi yake ɗauke da sunansa, sun sa an sassaƙa alamu a duwatsun bakin teku don bin sawun abin, sai dai su a zatonsu ruwan ne ke raguwa. Garuruwa sun bi teku suna ƙaura saboda haka. Tashar jiragen ruwan Ulvila ta cushe har aka kafa Pori a 1558 kusa da bakin kogi, Vaasa kuma bayan gobarar 1852 an sake gina ta ne kilomita kusan 7 daga tsohon mazauninta domin ta koma bakin ruwa. Har dokar filaye tana da suna na musamman ga ƙasar da ruwa ya janye ya bari, vesijättö, da ƙa'idar yadda mai fili na bakin gaɓa zai fanshe ta. A 2006 hukumar UNESCO ta sa tsibiran Merenkurkku cikin wuraren tarihi na duniya saboda wannan tashin ƙasa, ta haɗa su da gaɓar Suwidin da ke tsallake, wadda a Finlanci ake kira Korkearannikko, gaɓa mai bisa.

Ga masu awon ƙasa, ma'anar wannan ita ce lambar da aka rubuta a kan wata alama yau za ta zama ƙarya bayan shekara 40, kuma ƙaryar ba iri ɗaya ba ce a ko'ina, tunda arewa maso yamma ta fi kudu maso gabas saurin tashi, wato ƙasar karkacewa take yi. Shi ya sa Finlan ta yi ta sabunta abin da take kira korkeusjärjestelmä, tsarin awon tsayi na ƙasa. An yi NN, aka yi N43, aka yi N60, yanzu kuma ana kan N2000, lambobin suna nuna shekarar da aka tsayar da lissafin a kanta. N60 ya ɗauki matsakaicin saman teku na Helsinki a farkon 1960 a matsayin sifiri. N2000 kuwa ya fito ne daga wani dogon aikin awo da aka yi daga 1978 zuwa 2006, kuma sifirinsa yana ɗaure da ma'aunin Amsterdam na ƙasar Holan, wanda ƙasashen Turai da dama suke amfani da shi. Bambancin lambobin tsarin biyu yana kamawa daga santimita 13 zuwa 43 gwargwadon yanki. Wanda bai taɓa aikin gini ba zai ce wannan gardamar malamai ce, amma injiniyan da ya ɗauki tsohuwar taswirar magudanar ruwa ya haɗa ta da sabon awo ba tare da ya duba tsarin kowace ba, zai iya shimfiɗa bututun da ruwa zai riƙa komawa baya a cikinsa. Don haka takardar gini a Finlan ba ta cika ba sai an rubuta a gefenta tsarin da lambobin korkeus ɗinta suke bi. Na'urar tauraron ɗan Adam ma ba ta raba gardamar kai tsaye, domin ita daga wata siffar duniya ta lissafi take aunawa, sai an gyara lambarta da mita masu yawa kafin ta dace da ta taswira.

Ruwan kansa yana da nasa awon, vedenkorkeus. Tekun Baltik, wanda Finlan ke bakinsa, kusan ba shi da cika da janyewar da wata ke haddasawa a manyan tekuna, iska da nauyin sararin sama ne suke tura ruwansa daga wannan lungu zuwa wancan, kuma hukumar yanayi ta ƙasar, Ilmatieteen laitos, tana da tashoshi fiye da goma a gaɓa da ke rubuta matsayinsa dare da rana. A guguwar Janairun 2005 ruwa ya hau santimita 151 sama da matsakaicinsa a Helsinki har ya malalo kasuwar bakin tashar jiragen ruwa, kuma irin waɗannan lambobi ne hukumomi suke dubawa kafin su faɗi mafi ƙarancin matsayin da za a ɗora daɓen sabon gida a bakin teku. A cikin gidan kuma daɓen ɗaki ne ke zama sifiri. Ƙa'idar gini ta ce huonekorkeus, daga daɓe zuwa silin, kada ya gaza mita 2.5 a ɗakin zama, ko mita 2.4 a ƙananan gidaje. Direban tirela shi ma yana da tasa kalmar, alikulkukorkeus, sararin da ke ƙarƙashin gada, wanda ya zama abin kula sosai bayan da aka ɗaga iyakar tsayin manyan motoci daga mita 4.2 zuwa 4.4 a 2013.

Matuƙin jirgin sama shi ne mutumin da rashin tantance daɓe zai iya kashewa. Ingilishi, wanda shi ne harshen sufurin sama, yana da kalma dabam ga nisan jirgi daga saman teku, da wata ga nisansa daga ƙasar da ke ƙarƙashinsa, da wata ga bisan filin jirgin kansa. Finlanci duk korkeus yake ce musu, sai ya ƙara bayani: merenpinnasta idan daga teku ne, maanpinnasta idan daga doron ƙasa ne. Na'urar da ke nuna wannan, korkeusmittari, a haƙiƙa nauyin iska take aunawa ta juya shi zuwa ƙafa, don haka sai matuƙi ya saita mata lambar nauyin iskar wurin kafin abin da take nunawa ya zama gaskiya. Idan jirage suka yi sama sosai kuma, kowa sai ya saita tasa a lamba ɗaya, 1013.25, wadda ba lallai ta dace da yanayin ranar ba, amma tunda kuskuren kowa iri ɗaya ne, tazarar da ke tsakanin jiragen tana nan daram. A wannan matakin ma an bar kalmar korkeus, ana cewa lentopinta, shimfiɗar tashi. Ko a jikin jirgin kalmar tana nan, domin fiffiken wutsiya da ke ɗaga hancinsa ko sunkuyar da shi sunansa korkeusperäsin.

Masana taurari kuwa sun raba kalmar da mita gaba ɗaya suka mai da ta kusurwa. Korkeus ɗin rana shi ne yawan digirin da ta ɗaga daga inda sama ta haɗu da ƙasa, kuma babu lambar da ta fi wannan tasiri a rayuwar mutanen Finlan. Helsinki tana kan digiri 60 arewa da ikwaita, don haka a tsakiyar ranar 21 ga Yuni rana tana kaiwa kusan digiri 53, a ƙarshen Disamba kuwa da ƙyar take haura digiri 6. Kano tana kan digiri 12, kuma ko a tsakiyar hunturu, lokacin da rana ta fi yin ƙasa a wurinmu, tana kaiwa sama da digiri 54 da tsakar rana. Wato ranar da Bakano yake ganin ta karkata cikin sanyin Disamba ta fi wadda mutumin Helsinki yake murna da ita a tsakiyar bazararsu bisa. A can Utsjoki, ƙarshen arewacin Finlan, rana ba ta leƙowa sam har kusan kwana 50 a lokacin da suke kira kaamos, da bazara kuma ta yi fiye da wata biyu ba ta faɗi ba. Musulmin ƙasar, tun daga 'yan ƙabilar Tatar da suka zauna a can a ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa baƙin da suka zo daga baya, sun san wannan lissafi a aikace, domin a tsakiyar bazara rana ba ta nutsewa ƙasa da kusan digiri 6 a Helsinki ko da tsakar dare, shafaƙi ba ya ɓacewa, sai an koma ga ƙiyasi kafin a tsayar da lokacin Isha'i da Asuba.

Akwai wani salon magana da ya tsiro daga taswira wanda nake ganin ya fi kowane rikitar da mai fassara. Mai karanta hasashen yanayi zai ce za a yi ruwa "Oulun korkeudella", wanda a zahirin lafazi yake nufin a tsayin Oulu. Oulu kuwa birni ne na bakin teku da ke shimfiɗe a fili, ba shi da wani tudu. Abin da ake nufi shi ne daidai layin Oulu idan ana tafiya arewa, kusan digiri 65, saboda a taswirar da ke rataye a bango arewa ce sama, kuma Finlan doguwar ƙasa ce da ta miƙe fiye da kilomita 1,100 daga kudu zuwa arewa. Abin dariyar shi ne sunan da ilimin ƙasa ya ba wannan layi shi ne leveysaste, digirin faɗi, na gabas da yamma kuma pituusaste, digirin tsawo. Ke nan abu ɗaya malami yana kiransa faɗi, mutumin titi yana kiransa tsayi, kuma kowa ya gane.

A kiɗa da nazarin sauti babu sama babu ƙasa a zahiri, amma kalmar ta shiga. Sävelkorkeus ko äänenkorkeus shi ne matsayin sauti gwargwadon saurin kaɗawarsa, kuma a nan ma sai da aka yi yarjejeniya a kan mafari, wato sautin da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, wanda ake saita kayan kiɗa da shi. Muryar da suke kira korkea mu siririya muke ce mata, wadda suke kira matala, mai ƙasa-ƙasa, mu kuma mu ce kakkaura ko babba, wato kunnenmu kauri yake ji inda nasu yake jin bisa. Sai a aji ne malaman Hausa suke magana da karin sama da karin ƙasa, kuma nan ne kalmar ta fi shafarmu, tunda a Hausa hawa da saukar murya yana raba ma'anar kalmomi, a Finlanci kuwa ba ya rabawa. Su da tsawon sauti suke rarrabewa, kamar tuli wuta, tuuli iska, tulli kwastan, abin da kunnen Bahaushe ya riga ya saba da irinsa. Ƙarfin sauti kuma kalmarsa dabam, voimakkuus, ko da yake wanda ya fusata ya ɗaga murya su ma cewa suke yi ya korottaa ta.

A filin wasa an gajarta komai. Tsallen sama, wato ƙetare sandar da aka gicciya, korkeushyppy ne, dogon tsalle pituushyppy, amma 'yan wasa da masu sharhi korkeus da pituus kawai suke cewa, har mutum ya ji an ce wance ta ci korkeus. Bajintar duniya ta maza a tsallen sama har yanzu ita ce mita 2.45 da Javier Sotomayor na Kyuba ya kafa a 1993, ta mata kuma mita 2.10 ce da Yaroslava Mahuchikh ta Yukren ta kafa a 2024. Filin da aka yi wasannin Olamfik na 1952 a Helsinki yana da farar hasumiya mai mita 72 da 'yan kai, kuma mutanen birnin suna son gaya wa baƙo cewa an daidaita ta ne da jifan mashin da Matti Järvinen ya ci zinare da shi a Los Anjalas a 1932, mita 72.71. Ko da gangan aka yi ko dacewa ce, labarin yana da daɗi ga mai nazarin harshe, domin pituus ne aka tayar tsaye ya zama korkeus.

Daraja ita ce fannin da kalmar ta fi nisa da ma'auni. Yarima ko gimbiya ana ce musu Hänen Kuninkaallinen Korkeutensa, kuma da yake wakilin sunan hän bai bambanta namiji da mace ba, laƙabin ɗaya ne ga duka biyun. Mu a nan Mai Martaba da Mai Girma muke cewa, mun fi auna sarauta da girma, ko da yake ɗaukaka ma tana wurinmu, kuma Maɗaukaki ya yi daidai da Korkein da Kiristocin Finlan suke kiran Ubangiji da shi, kamar yadda jam'in kalmar, korkeuksissa, yake nufin can cikin sammai a addu'o'in coci. Laƙabin sarautar dai sai baƙi ake yi wa shi, domin Finlan jamhuriya ce. Sau ɗaya ta gwada naɗa sarki, lokacin da majalisa ta zaɓi Yarima Friedrich Karl na Hessen a Oktoban 1918, amma da Jamus ta sha kashi a yaƙi sai ya janye a Disamba ba tare da ya taka ƙasar ba. A shekarar nan ce aka kafa korkein oikeus, Kotun Ƙoli, da takwararta ta shari'un gudanarwa. Korkeakoulu kuma tarko ce ga wanda ya zo da Ingilishi a kansa, domin ba sakandare take nufi ba, jami'a ce ko makarantar da ke matsayinta, babbar sakandare kuwa lukio ake ce mata. Sifar tana tafiya da zazzaɓi da hawan jini da farashi da shekarun tsufa, amma sunan ba ya bin ta ko'ina, domin idan ana maganar matsayin farashi an fi cewa hintataso, da kalmar taso mai nufin mataki.

Daga wannan tushe ne kuma aka samu wata gajeriyar kalma, korko, wadda ta rabu gida uku. A banki korko shi ne kuɗin ruwa, abin da ya hau kan uwar kuɗi, kuma kalma ce da magidantan Finlan suke saurare da faɗuwar gaba, saboda yawancin basukan gidajensu suna ɗaure da Euribor, ma'aunin kuɗin ruwa na bankunan Turai da ke hawa da sauka, kamar yadda ya yi tashin gwauron zabo a 2022 da 2023 bayan shekarun da ya yi a ƙasa da sifiri. A shagon takalma korko ita ce dunduniya, korkokengät kuma takalman mata masu tsini. A wurin gini kuwa, idan birkila ya tambayi mai awo korko, lebur yake nema, wato lambar da za a zana a jikin turke ko bango domin a san inda daɓe zai tsaya, kuma mai awon ba zai ba shi ita ba sai ya duba ko zanen da ke hannunsa da N60 aka yi shi ko da N2000.